Littafin da Ke Karanta Mai Karanta Shi

'Yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta isa hannunku in mun zo hutu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya faru a kan idona a dogon hutun da ya wuce, wanda tun daga ran nan ya hana ni sakat. Da fari na so in bar shi a cikina. Amma da Malama ta ce kowa ya kawo abin da zai sa a filin Hausa, sai na ga gara in fito da shi, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. A makarantar nan an hana mu riƙe waya, kuma ni a ganina dokar ta yi daidai. To amma wace ce a cikinmu za ta rantse ba ta taɓa karanta littafin hikaya a ƙarƙashin bargo da tocila ba? Akwai wani da ya zagaye ɗakinmu bara, ba bango, shafi huɗu na farko sun ɓata, an naɗe shi da bangon littafin lissafi don kada a gane. Ya bi ta hannun mutum ya fi ashirin. Wata ta yi kuka a kansa har takardar ta kumbura, wata ta tsallake tsakiya ta leƙa ƙarshe, wata kuwa shafi ɗaya ta yi ta maimaitawa. Duk wannan littafin bai gaya wa kowa ba. Littafin takarda kurma ne, kuma bebe. In ka rufe shi, magana ta ƙare tsakaninka da shi.

Innarmu ta ba ni labari cewa a lokacin da suke 'yammata a Gusau, zamanin da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da na Bilkisu Ahmed Funtuwa ke tashe, haya suke zuwa ɗauka a kasuwa. Mai hayar yana da wani tsohon littafi da yake rubuta suna da ranar da za a mayar. Watau shi ya san abin da kowace yarinya ta ɗauka. Amma saninsa bai wuce bakin rumfarsa ba, kuma bai san inda ta tsaya ba, balle ƙarfe nawa na dare ta kwanta. In littafin sunayen ya cika, ko dai mai ƙosai ta naɗe ƙosai da shi, ko gara ta yi kalaci.

Yau kuwa abin ya sake. A ƙasashen Turawa akwai wata na'ura mai kama da allo ƙarami, wadda ba ta da aiki sai karatu. Wadda ta fi suna ita ce Kindle ta kamfanin Amazon, da aka fara sayarwa a Amurka a shekarar 2007, mutum ya zuba littafi dubu a cikinta ya sa a aljihu. Mu nan ban taɓa ganin mai ita ba, ko a Gusau. Wayar hannu ita ce Kindle ɗinmu. Da ita yayyenmu ke karanta littattafan Hausa a Wattpad, da zaurukan WhatsApp inda ake biyan marubuciya a shigar da mutum, da wasu manhajoji barkatai da ake saukewa kyauta. Mu ma da mun sauka daga mota ranar hutu, kafin mu cire kayan makaranta mun fara roƙon aron waya. Ban cire kaina ba.

To, ga abin da ya faru. Ina da wata 'yar'uwa da ke aure a Bungudu, zan kira ta Yaya kawai. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, kuma ba zan faɗi abin da zai sa a gane ta ba, don in na yi haka na zama irin abin da nake zargi ke nan. Shekararta huɗu da aure, Allah bai kawo haihuwa ba. Mace ce mai kunya ƙwarai, ko Innarmu ba ta iya yi wa zancen. Ashe cikin dare, in kowa ya yi barci, takan buɗe wata manhajar karatu a wayarta, ta karanta wani littafi a kan lafiyar mata da abubuwan da ke hana ɗaukar ciki. So take ta fahimci jikinta tukuna, ta san abin da za ta ce wa likita in ta sami ƙarfin halin zuwa.

Rannan da la'asar muna tsakar gida muna gyaran wake, wayar tana caji a ɗakin uwar mijinta, domin can ne sola take. Sai wayar ta yi ƙara, allonta ya kawo haske. Ƙanen mijinta, wanda abokin wasanta ne, ya leƙa. Manhajar ce ta aiko da tunatarwa, da sunan littafin ɓaro-ɓaro, wai ta tsaya a babi kaza, ta dawo ta ci gaba. Da ya taɓa, sai ga tallar maganin haihuwa ta cika allon. Shi a wautarsa wasa ya ɗauka, ya fito yana karantawa da ƙarfi yana dariya. Hajiya tana zaune bisa tabarma, ta ɗago kai ta ce, "Mi kac ce? Sake faɗi in jiya." Ya sake. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe ita ma ta san matsalar daga wajenta take." Kafin magariba zancen ya kai gida uku. Kafin in bar garin an fara raɗe-raɗin ƙarin aure.

A daren nan Yaya ba ta ci tuwo ba. Muna kwance ta juyo ta ce da ni, "Ƙanwata, ke da kike boko, wa ya gaya wa wayar nan? Ni ban gaya wa kowa ba." Na rasa amsar da zan ba ta. Wai a ce mutum ya ɓoye abu ga uwar da ta haife shi, amma abin da ya saya da kuɗinsa ya tona masa asiri a gaban surukarsa!

Da muka dawo makaranta na tambayi malaminmu na kwamfuta, ba tare da na faɗi dalili ba. Ya ce da ni, "Zauna, wannan tambaya ta dukan aji ce." Ya bayyana mana cewa duk sa'ad da mutum ya buɗe littafi a irin waɗannan manhajoji alhali data tana kunne, akwai saƙo da ke fita daga wayar zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, galibi a wata ƙasa mai nisa. Saƙon yana iya ɗaukar sunan littafin, da lokacin da aka buɗe shi, da shafin da aka tsaya, da tsawon lokacin da aka yi a kai, da layin da aka ja wa alama, da irin wayar, da yankin da mai ita yake. Wata manhaja kaɗan take ɗiba, wata kuwa har sunayen da ke cikin wayar da hotuna take neman a ba ta izinin gani. Ya ce kuma wayoyin nan suna da wata lamba ta musamman da aka yi domin 'yan talla, da ita ake gane cewa wanda ya karanta abu kaza jiya shi ne ya buɗe wasa kaza yau, sai a bi shi da tallar da ta dace da damuwarsa. Wata a bayan aji ta ce, "Malam, ai kyauta ce manhajar." Ya yi dariya ya ce, "In kin ga ana watsa wa kaza tsaba har cikin akurki, ba don ana tausayinta ba ne."

Na ɗauka abin na ƙananan manhajoji ne marasa asali. Da na ci gaba da bincike a ɗakin kwamfuta sai na tarar manya ma haka suke. A watan Oktoba na 2014 aka gano cewa wata manhaja ta kamfanin Adobe, wadda ɗakunan karatu da yawa a Amurka da Turai ke ba da aron littafi ta cikinta, tana aika wa kamfanin sunayen littattafan da mutum ya buɗe da shafukan da ya karanta. Abin da ya fi muni, a buɗe take aikawa, ba ta ko kulle saƙon, watau duk wanda ya iya tsayawa a kan hanya zai gani. Sai da aka yi ca a kansu kana suka gyara. A cikin wannan shekara kuma kamfanin Kobo na ƙasar Kanada ya fito da lissafi yana cewa wani shahararren littafi, The Goldfinch, ko rabin waɗanda suka saye shi a Ingila ba su kai ƙarshensa ba. Ku tsaya ku yi tunani. Ta yaya suka sani? Ai sai wanda ke tsaye a bayanka yana leƙen kafaɗarka zai san ba ka gama littafi ba. Daga 2015 kuwa Amazon ya fara biyan wasu marubuta gwargwadon yawan shafukan da aka karanta na littafinsu, wanda ba zai yiwu ba sai ana ƙirga kowane shafi da kowa ya buɗa.

Akwai wani labari da ya fi ba ni mamaki, don ɗalibi ne kamarmu ya shafa. A watan Yuli na 2009 mutane a Amurka suka wayi gari suka tarar wani littafi da suka saya ya ɓace daga cikin na'urorinsu. Kamfanin ne ya miƙo hannu daga nesa ya goge shi, domin wanda ya sa shi a kasuwa ba shi da izinin sayarwa. An mayar musu da kuɗinsu, gaskiya ne, amma ba wanda aka yi wa sallama. Wani yaro mai shekara 17 a jihar Michigan, wanda ke karanta littafin don aikin makaranta, ya tarar duk bayanan da ya rubuta a gefe sun zama banza, ya kai ƙara, kamfanin ya biya dala 150,000 aka sasanta, shugabansa Jeff Bezos kuma ya ba da haƙuri. Sunan littafin 1984, na George Orwell, kuma labarin wata gwamnati ce da ke sa wa kowa ido har cikin ɗakinsa. Ko mai tatsuniya bai isa ya shirya ta haka ba.

Abin da na fahimta daga nan shi ne, littafin waya yana da igiya a ƙafa kamar akuyar da aka kai kiwo, kuma bakin igiyar ba a hannunka yake ba. Ta ita labarinka ke tafiya can, ta ita kuma ake iya janye littafin. Mu a Zamfara mun ɗanɗana. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga, ina ƙarama a Tsafe, na ga 'yammatan unguwarmu da suka biya kuɗin littattafai suna ta latsa waya ba abin da ke buɗewa, sai wanda suka riga suka sauke. A makonnin nan tsohon Magana Jari Ce na Babanmu, wanda ya yi ja don tsufa, shi ya yi ta yawo gida gida. Haka nan OkadaBooks, kasuwar littattafai ta intanet da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wadda har littattafan Hausa ake sayarwa a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin kwana. Wai wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye? Ni kuwa ina tambaya, wane laifi Yaya ta yi? Kullum in mun idar da salla muna roƙon Allah ya rufa mana asiri. Ashe dukanmu ɓarayi ne? Don me ake gina katanga, don me ake yin zaure, don me ake rataya labule a ƙofar ɗaki? Don me baƙo ke tsayawa a waje ya yi sallama, in ba a amsa ba ya koma? Addini ma ya hana bin diddigin asirin mutane, kowa ya ji wannan a Islamiyya. Hausawa da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sun san akwai abin da ba laifi ba ne amma ba na faɗi ba ne. Karatu kuwa yana cikin irin waɗannan. Sau da yawa abin da mutum ke karantawa shi ne abin da yake jin kunyar tambaya. Yarinyar da ta fara girma ba ta gane abin da ke faruwa da jikinta ba, da magidancin da bashi ya yi wa katutu, da wanda likita ya gaya wa wata cuta bai shirya sanar da iyalinsa ba, duk littafi suke fara zuwa wa, domin shi ba ya dariya kuma ba ya kai gulma. Ran da suka gane yana kai gulma, za su daina zuwa. Yaya ta goge manhajar a daren nan, kuma har na taho ba ta sake karanta ko layi ɗaya a kan lafiyarta ba. Wannan hasara ita ta fi ci mini rai, fiye da surutun mutanen gidan.

Yanzu bari in juyo gare ku iyayenmu, cikin ladabi. Na san wasunku za su ce, "Yauwa, ai gara a riƙa sa wa yaran nan ido, wa ya san abin da suke karantawa?" Ba na musun cewa akwai littattafan banza a waya, waɗanda ko sunansu ba ya faɗuwa. Kuma ni ban ce Baba ba shi da ikon ya ce, "Kawo in ga abin da kike karantawa" ba. Yana da iko, ya kuwa sha yi. Amma ku duba bambancin. In Baba ya karɓi littafi a hannuna, ina ganinsa, na san don yana so na ne, ina iya yi masa bayani, in ya yi faɗa ya huce magana ta mutu a cikin gida. Shi kuwa kamfanin da ke Kanada ko Amurka ko Sin, bai san ni ba, bai damu da tarbiyyata ba. Hasali ma in ya ga na daɗe a kan littafin banza, irinsa zai ƙara turo mini, tun da daɗewata ita ce ribarsa. Idon da ke cikin waya ba naku ba ne, kuma ba ya kawo muku rahoto. Wa 'yan talla yake kai wa.

Kuma abin da aka tara ba ya zama wuri ɗaya. A shekarar 2020 ɓarayin intanet suka fasa rumbun Wattpad suka kwashe bayanan rajista kimanin miliyan 270, da sunaye da adireshin imel da ranakun haihuwa, aka baza su a kasuwar ɓoye. Shekara guda bayan haka, a 2021, wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Naver ya saye Wattpad ɗin kan kuɗi wajen dala miliyan 600. Watau wanda ka ba amana yau, gobe wani ne ke riƙe da makullin. Ku tuna kuma tun daga ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa, saboda haka lambar da aka yi rajistar manhaja da ita tana komawa ne kan mutum takamaimai, mai suna da hoto da zanen yatsa.

Wani abu da ya faru a Kano ya sa ni tunani. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan hikaya na Hausa da aka karɓe a hannun ɗalibai aka cinna musu wuta. Ban zo yanke hukunci a kan wannan ba, manya sun yi ta gardama a kai. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a wancan lokaci sai an bi akwati akwati, kuma in an ƙone littafin an ƙone shaidar. Yau kuwa jerin wanda ya karanta me, da yaushe, yana ajiye a wuri guda, shekara da shekaru. Duk wanda ya sa hannu a kansa, ko hukuma ko ɓarawo ko ɗan siyasa, ba ya bukatar buɗe akwatin kowa. Littafin da ba laifi ba ne bana, wa ya san abin da za a kira shi nan da shekara goma?

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mu mutanen jihar nan mun fi kowa sanin darajar kame baki. Babanmu ba ya yarda a faɗa wa ko maƙwabci ranar da zai zo ɗaukata daga Gusau zuwa Tsafe. In za mu wuce ta Kwatarkwashi kowa addu'a yake a cikin mota. Mun san abin da kalma ɗaya a kunnen mai kai rahoto ke jawowa. Ba ina cewa miyagun daji suna sayen labari a wurin kamfanonin littafi ba ne, kada a juya mini magana. Abin da nake cewa, mutumin da ya iya ɓoye ranar tafiyarsa ga maƙwabcinsa, shi ne kuma manhajar karatu za ta ce ya ba ta izinin sanin inda yake, da sunayen duk mutanen da ke wayarsa, nan take ya danna ya yarda. Me littafin soyayya zai yi da lambar kawuna?

Ba na cewa a zubar da waya a koma kan takarda kaɗai. Hakan ba zai yiwu ba, kuma ba adalci ba ne. Littafin takarda ya yi tsada. Marubuta mata da yawa, waɗanda da ba su da kuɗin kai aiki maɗaba'a, yanzu daga cikin ɗakinsu suke rubutu su sami na sabulu. Matar da ke ƙauyen da ba kantin littafi tana karanta abin da ta Kano ke karantawa a rana ɗaya. Ita kanta tunatarwar da ta tona asirin Yaya, wanda ya ƙirƙiro ta cewa zai yi taimako ne, don kada mutum ya manta inda ya tsaya. To amma shi a ƙasarsu kowa da wayarsa, a aljihunsa take kwana. Mu nan waya ɗaya mutum biyar ke taɓa ta, a shagon mai caji take wuni, ko a ɗakin suruka. Bai yi tunaninmu ba, mu kuma ba mu tambaye shi ba.

Doka kuwa akwai ta, wannan ma a bakin malam na fara ji. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma a Abuja. Dokar ta ba mutum ikon ya tambayi kamfani abin da ya tara a kansa, ya ce a goge, ya kuma janye yardar da ya bayar. Ta ce kuma in yaro ne, sai an nemi yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Ku ji fa, iyaye! Mu da ba mu kai 18 ba, yardarku doka ta ce a nema. Wa aka taɓa tambaya a cikinku? Kuma kada a ce manyan kamfanoni sun fi ƙarfin hukuma, domin a watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

Sai dai dokar da ke Abuja da Turanci ba ta san hanyar Bungudu ba. Sharuɗɗan da manhaja ke nunawa kafin a danna yarda, da Turanci suke, da ƙananan baƙaƙe, tsawonsu ya fi na takardar jarrabawa. Ni da nake aji biyar na gwada karanta ɗaya, ban kai rabi ba kaina ya yi zafi. Ina ga Yaya da aka cire daga aji uku? Yardar da mutum ya bayar a kan abin da bai fahimta ba, ni ban ga yarda a ciki ba. Ko cinikin akuya ne sai an yi shi da harshen da mai saye da mai sayarwa ke ji. Saboda haka roƙona ga 'yan Arewa masu ƙera manhajojin littattafan Hausa, da marubutan da ke tura mu can, tun da da Hausa kuke sayar mana da labari, ku gaya mana da Hausa, a layi biyar, abin da kuke ɗiba da wanda kuke ba. In manhaja za ta aiko da tunatarwa, ta ce "kina da karatu" ya isa, ba sai ta kira sunan littafin a gaban jama'a ba.

Mu ma a nan gida akwai gyara. A ɗakin karatunmu, littafin da ake rubuta aro a buɗe yake bisa tebur, kowa ya zo sa hannu sai ya karanta na sama da shi. Akwai wani littafin kimiyya mai bayanin balaga, na san mutum uku da ke son sa, ba wadda ta iya ɗauka, don kafin karatun dare an sa mata suna. A Amurka masu kula da ɗakunan karatu sun ɗauki wannan amana da nauyi ƙwarai, har a 2005 wasu huɗu a jihar Connecticut suka ƙi miƙa wa hukumar FBI bayanan masu amfani da ɗakin karatunsu, suka tafi kotu. Mu ba mu nemi a je kotu ba. A sa littafin a cikin aljihun tebur, Malama kaɗai ta riƙa buɗewa.

Ni dai ga abin da na koya, kuma shi na yi wa wayar Innarmu da ta zo ziyara. Na shiga wurin saiti na hana manhajojin karatu ganin wuri da sunaye da hotuna, ba kuwa wadda ta daina aiki. Na kashe tunatarwar da ke fitowa a kan allo in waya tana kulle. Na nuna mata ta riƙa sauke littafi tukuna, ta kashe data, sa'an nan ta karanta. Wannan ba ya toshe kowace kafa, don wasu manhajojin suna ajiye lissafin su aika in an kunna, amma ya rage. Duka bai ɗauke ni minti goma ba, Inna tana ta cewa in yi sauri kada Malama ta gan ni da waya.

Ita kuwa Yaya, saƙo ta aiko mini ta bakin Inna, a rufe, yadda ni kaɗai zan gane. Wai in an ba mu hutu in biya kasuwa a Gusau in nemo mata irin littafin nan, amma na takarda. Na riga na tara kuɗin daga na kashewata, na kuma cire bangon tsohon littafina na lissafi na ajiye a ƙasan akwati.